Katin da Ya Rako Kwalin

Tana tsakiyar kafa hannun riga wayar ta yi ƙara. Talata ce da hantsi, mai rigar na zaune a kan benci tana jira, ita kuma da allurai biyu a bakinta. Mai Keke, kamar yadda duk layin ke kiranta saboda keken ɗinkinta, ta ɗauka da hannun hagu ba ta ko tsayar da ƙafarta ba, don lambar mijinta Dogo ce. Amma muryar ta Kafinta ce, abokin aikinsa da suke kwana ɗaki ɗaya a can wurin ginin, tafiyar kwana biyu a mota daga gida.

"Yaya, ki zauna," in ji shi.

"A zaune nake. Ina mai wayar?"

Ya yi ta kewaye-kewaye har ta ce masa ya faɗa kawai, tana da aiki a gabanta. Sai ya faɗa. Dogo ya sauke bulo, ya dafe ƙirji, ya zauna a kan buhun siminti ya nemi ruwa. Kafin a kawo ruwan, Dogo ya cika.

Ta cire alluran daga bakinta ɗaya bayan ɗaya ta soke su a matashinsu, ta ce wa mai rigar ta dawo jibi. Har yau ba ta san wanda ya ƙarasa rigar nan ba.

A can aka binne shi. Abin da ya dawo gida jaka ce guda: riguna uku, cokalin gini, igiyar awo, da takalmin da siminti ya cinye. Babu ko guntun takarda, kuma ba ta sa ran gani ba. Shekara talatin da ɗaya suna tare, Dogo bai taɓa riƙe biro ba sai don ya miƙa mata. Ita da ta tsaya a aji huɗu ita ce ofishin gidan. In an kawo fom daga makarantar yara ko daga asibiti, sai ya ce, "Malama, zo ki yi mana aikin gwamnati." Ta cike, shi kuma ya dangwala yatsa. Takan ce masa, "Mutum ya iya miƙe bango hawa uku, amma layi ɗaya a takarda ya gagare shi." Ya yi dariya ya ce bangon ne ke ciyar da su.

Sai da aka yi wata biyar, mutane sun daina zuwa gaisuwa, ta koma kan kekenta, aka turo wata 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofar shagon. Wai tana da kaya a gidan waya, ta je taga ta biyu da katin shaidarta.

Ma'aikaciyar taga ta biyu mace ce mai saurin hannu, ba ta cika ɗaga kai ba. Ta duba lamba, ta shiga ciki, ta dawo da kwali ɗaure da igiya, gefensa ɗaya ya lotse. Adireshin da ke jikinsa na'ura ce ta buga aka manna. Sannan ta turo wani kati ruwan ƙasa, bai fi tafin hannu da rabi ba, bayansa a sama.

"Sa hannu nan, Mama."

Mai Keke ba ta sa hannu a abin da ba ta karanta ba. Ta juya katin.

Gidaje ne aka ja da layi: mai aikowa, mai karɓa, abin da ke ciki, nauyi. Nauyin da lambar kayan, ma'aikacin can ne ya rubuta su da hannun gaggawa. Sauran kuwa manyan haruffa ne, kowanne tsaye shi kaɗai kamar bulo, da shuɗin biro, an danna har takardar ta huje a wuri ɗaya. Ga sunanta. Ga layinsu da lambar shago. A gidan mai aikowa ga sunan Dogo. Kwanan watan da ke jikin hatimin ya nuna kwana biyu kafin ya rasu.

Nan a tsaye ta kira Kafinta.

"Au, sai yanzu ya iso?" in ji shi. "Yaya, na ɗauka tuni kin karɓa."

"Wa ya rubuta masa takardar?"

Ya ce, "Ba wanda ya rubuta masa. Wata bakwai ya yi yana zuwa ajin manya in an tashi aiki, ya hana mu gaya miki. Ya ce sai ya iya wasiƙa cikakkiya tukuna, ki karanta ki ji kunya. Ranar nan kati uku ya ɓata, har mai gidan wayar ya ce na huɗu shi ne na ƙarshe. Na ce kawo in cike maka, saura kaɗan ya kai min mari. Sunanki kaɗai ya ci masa minti goma, yana gumi kamar mai zuba dakali."

"Littafin da yake koyo a ciki fa?"

"Allo suke amfani da shi, a goge. Ban ga komai a ɗaki ba."

Ta kashe wayar. Ta shafa bayan katin da yatsa, ta ji haruffan sun taso, duk inda ya danna. Na bayanta a layi ya fara tsaki.

"Mama, hannu," in ji Mai Taga.

"In na sa, ki ba ni shi tare da kwalin?"

"A'a, katin nan yake zama."

"To ban sa ba."

Aka kai ta wurin Shugaba. Ofishinsa na bayan tagogin, da fanka mai kuka, da durowa mai hawa huɗu. Biro uku ne a aljihun rigarsa, kuma duk wanda ya kafa masa wuyan rigar nan bai kamata a bar shi kusa da keke ba. Ya saurare ta yana juya zobe a yatsa.

"Allah ya jiƙansa," ya ce. "Amma ki gane, baiwar Allah. Kayan ne naki. Katin na hukuma ne."

"Sunan hukuma ne a kai?"

"Shi ne shaidarmu cewa mun miƙa miki."

"Ni ba shaida ba ce? Ga ni tsaye da raina. Ka kira duk wanda kake so in faɗa a gabansa."

"Baki ba ya shiga fayil."

Ya yi mata bayani a hankali, irin wanda ake yi wa wanda aka raina karatunsa. In ta sa hannu, za a buga wa katin hatimin miƙawa a kan sunan mai karɓa, a haɗa shi da 'yan'uwansa ɗari ɗaya, a ɗaure, a kai sito. Shekara biyu yana can, ko da wani zai zo da ƙorafi. Bayan nan a ƙone.

"A ƙone," ta maimaita. "Abin da za ku ƙone shi ne ba za ku iya ba ni ba."

"Doka ce."

"In kuma ban sa hannu ba?"

"Kwana talatin, mu mayar wa mai aikowa, kayan da katin duka."

"Mai aikowa yana cikin ƙasa."

"To sai babban ofis, ɗakin kayan da ba su da mai su."

"Wata biyar kuna yawo da shi a titi ba wanda ya ƙirga muku kwana. Ni ce za ku ƙirga wa talatin."

Ya ce a yi mata fotokwafi, kyauta ma. Aka yi. Ya fito toka-toka, shuɗin ya koma baƙi, bayansa sumul kamar ba a taɓa shi ba. Ta ajiye masa a kan tebur ta fita, ba kwali ba kati.

'Yarta babba, wadda ke aure a can ƙarshen gari, ta raka ta washegari ta ɗauki hoton katin da waya.

"Mama, ga shi ya fito tsaf. Har kina iya ƙara masa girma. Ki sa musu hannu mu tafi, mutane na kallonmu."

Mai Keke ta goga yatsa a gilashin wayar. "Wannan ai santsi ne. Ina wurin da ya huje?"

"Ga shi nan, ɗigon nan."

"Ɗigo kike gani. Ni rami na taɓa."

Daga ranar kullum sai ta je. Ta buɗe shago, ta yanka abin da za ta yanka, ƙarfe goma ta rufe ta kama hanya. Ta bi layi kamar kowa. In ta iso, Mai Taga ta zaro katin daga ƙarƙashin teburin tagar ba tare da an tambaye ta ba, ta bar mata shi ta riƙe a gefe har a sallami mutum uku, sannan ta karɓe. 'Yan layi suka san ta. Wani direba da ke zuwa aika takardu ya ce, "Mama ta zo duba mara lafiyarta." Ta ce masa, "Ka fara duba maɓallin wandonka, ɗana, yana neman barinka." Aka yi dariya, bai ƙara ba.

A bakin ƙofar gidan wayar, ƙarƙashin rumfa, akwai wani tsoho da tebur da kujera biyu, yana cike wa mutane fom. Baba Masinja ake ce masa, don shekara talatin da biyar ya yi yana raba wasiƙu a keke kafin ya yi ritaya. Shi yakan ba ta kujera in ƙafarta ta gaji.

"A zamaninmu da ba ki sha wannan wahala ba," ya ce mata wata rana. "Katin rakiya na da, yana da wani ɗan ɓangare da ake ce wa kunne a gefen hagu, da ƙananan huji a jere. A nan mai aikowa ke rubuta sunansa, har da gaisuwa in ya matse hannu. In na kai miki, ki sa hannu a babban, in tsage kunnen in ba ki. Na ga matar da ta tara kunnuwan nan a gwangwani, na ɗanta soja, sun fi arba'in."

"Ina kunnen ya tafi?"

"Aka sake fom. Wani a sama ya ce ɓarnar takarda ce, kuma mutane na aika wasiƙa a ɓagas. Shi katin ai tun asali ba don ke aka yi shi ba. Kaya na tafiya a bayan mota, kati na tafiya a jakar ma'aikaci, a haɗa su a ƙarshe a ga ko wani ya yi ɓatan kai. Kunnen ne kaɗai na mutane, shi aka fara yankewa."

"Wanda ya yanke, ba a taɓa aiko masa da komai ba?"

"Irinsu ai direba ke kai musu."

Ya rubuta mata takardar roƙo zuwa babban ofis, da hannunsa mai kyau. Shugaba ya karɓa ya ce zai tura. Ba amsa. Ta sake komawa, ya ce irin wannan yakan ɗauki wata uku. Rannan da ta fito, ta zagaya ta bayan ginin ta leƙa tagar siton. Ɗaurin katuna ne jibge a ƙasa har gwiwa, na ƙasan sun sha ruwa sun kumbura, ga kashin ɓera, ga tsohon keken masinja an jingina a kai. Wannan ce shaidar da ta fi bakinta daraja. Ta tsaya a wurin har mai gadi ya tambaye ta ko lafiya.

Kwana ashirin da takwas ta yi tana wannan zirga-zirga. Ta lissafa abin da ya rage mata. In ta ƙi, jibi a kwashe kwali da kati a kai inda ba ta san hanya ba. In ta sa hannu, aƙalla ta san ɗakin da yake, ta san shekara biyu ce, kuma ranar ƙonawa za ta zo ta tsaya kusa da wutar, a ga wanda zai hana ta sa hannu a ciki.

Ta zo da farar leda mai kauri da ta ɗinke bakinta uku. Ta ce wa Mai Taga, "'Yata, zan sa. Abu biyu nake roƙo. Ki sa shi a ledar nan, ki ɗora ɗaurin a sama. Kuma hatimin nan naku, kada ki buga a kan sunan. Ga fili a ƙasa."

"Na ji, Mama. A ƙasa zan buga. Wallahi ni ma abin na damuna."

Mai Keke ta kifa katin, ta sa hannu a hankali, ba ta danna ba don kada ta taɓa nasa. Ta tura.

Ranar layin ya kai waje, albashi ya fito, kowa na aika kaya. Wani a baya ya ɗaga murya yana cewa a taga ta biyu hira ake ba aiki ba. Shugaba ya leƙo ya kira Mai Taga da sunan aikinta ya ce ta yi sauri. Ta juya kai tana ba shi amsa. Hannunta kuwa, wanda ke buga hatimi sau ɗari uku a yini, bai jira ta ba. Ya juya katin, ya dangwali tawada, ya sauka inda ya saba sauka.

Da safen nan aka cika wa kushin hatimin tawada. Baƙi ya zauna dumu-dumu a tsakiyar sunan. Mai Taga ta juyo ta gani, ta ce "Wayyo," ta kai babban yatsa ta goge, sai ta ja tawadar ta shafe lambar kayan da ke sama.

Mai Keke ta kalli katin. Harafin farko na nan, na ƙarshe biyu na nan. Uku na tsakiya sun tafi.

"Mama, ki yafe min. Mama, hannuna ne."

Shugaba ya fito ya ɗauki katin da yatsu biyu ya ɗaga shi wajen haske.

"Lamba ta ɓaci," ya ce. "Wannan ba zai shiga ɗauri ba. Ki ba ta kati rawaya ta sa hannu."

Mai Taga ta ja durowar da ke gaban gwiwarta, tana hawaye, ta zaro wani kati rawaya daga cikin ɗauri guda da ko robarsa ba a taɓa cirewa ba. Ta kwafi lambar daga jikin kwalin, ta rubuta suna da adireshi. Minti ɗaya bai cika ba. Shugaba kuma ya juya da na Dogo wajen kwandon shara.

"Tsaya," in ji Mai Keke. "Ina za ka kai shi?"

"Ai ya tashi aiki. Rawayan ne madadinsa."

"Na hukuma ne ko ba na hukuma ba ne?"

"Yanzu kam takarda ce kawai. In kina so ki ɗauka."

Ta miƙa hannu ta ƙarƙashin gilashin tagar ta karɓa. Ta riƙe shi ta gefe don tawadar ba ta bushe ba. Sannan ta nuna rawayan.

"Wannan tun yaushe yake cikin durowar nan?"

"Kullum yana nan. Na katin da ya ɓace ne ko ya lalace."

"Ranar da na fara zuwa yana nan?"

"Ranar ai naki lafiyarsa ƙalau."

"Wato da ɗigon tawada ɗaya ya faɗa kan lambar nan ranar farko, da na tafi gida da sunana cikakke."

"Ba ma ɓata takardar hukuma da gangan, baiwar Allah. Ko wannan ma sai na rubuta rahoto."

"Rahoto." Ba ta ɗaga murya ba, amma har na bakin ƙofa sun ji. "Layi nawa ne rahoton? Mutumin nan shekara hamsin da takwas, da hannun da siminti ya farfasa, ya zauna ya ɓata kati uku kafin ya samu ɗaya. Kai da biro uku a aljihu, layi biyar ne ya fi ƙarfinka. Kwana ashirin da takwas ina rufe shago ina zuwa kuna kallona, abin na gaban gwiwarku. Da kyansa kun ce ya fi ƙarfina. Sai da kuka kashe shi ya zama nawa."

Shugaba ya ce a ci gaba da aiki, ya koma ofishinsa ya rufe ƙofa. Ta sa hannu a rawayan, wannan karon ta danna har biron ya kusa karyewa. Ta ɗauki kwalinta.

A waje Baba Masinja ya miƙe ya ba ta kujera. Ba ta zauna ba.

"Kai ma ka san da rawayan?"

Ya cire tabarau ya goge. "Na sani. Na cike shi ya fi sau ɗari."

"Ka zaunar da ni kana ba ni labarin kunne."

"Wallahi bai zo min ba. Katin lafiyayye ne. Shekara talatin da biyar ana koya min kada in bari ya ɓaci."

Ta dube shi, tsoho ne kuma ya yi mata kirki, amma ba ta iya ce masa "ba komai" ba. Ta wuce.

A shago ta yanke igiyar. Fitila mai caji, takalmin roba mai laushi, kwalin alluran keke, da tabarau a cikin safa, don ta daɗe tana yi masa ƙorafin zare ba ya shiga mata allura. Ta sa tabarau ɗin ta ɗauki katin. Yanzu tana ganin komai sarai, har gefen hatimin da kwanan watan da ke ciki. Ta gwada ta baya. Tawadar ta jiƙa wurin, tudun haruffan ya kwanta.

Mai Taga ta zo shagon bayan mako guda da yadi a leda, wai a ɗinka mata. Mai Keke ta auna ta, ta ɗinka, ta yi mata kyau, don aiki aiki ne. Maganar kati ba wanda ya tayar. Amsar babban ofis ta iso bayan wata huɗu, layi biyu, cewa ba a ba da katin rakiya ga mai karɓa. Ta yanka ta ta yi gwajin wuyan riga da ita.

Haruffa ukun nan ta kalle su kwana ashirin da takwas, ta san su. Na farko ya jingina dama kamar zai faɗi. Na biyu ya fi kowa girma, ya haye layi. Na uku a jikinsa takardar ta huje. Hoton na cikin wayar 'yarta, ba ta taɓa neman a nuna mata ba. Tsoronta ɗaya, kada wata rana ta tashi ta ga sun miƙe a cikin kanta sun koma irin nata rubutun.

Saboda haka kowace safiya, in ta buɗe shago ta share, kafin ta zura zare, sai ta ɗauki allin yanka ta rubuta su a kan katakon keken, yadda ya yi su, tana dannawa. Ta duba ko na farkon ya jingina daidai. Sannan ta goge da gefen hannu ta jawo aikin ranar.